Yadda Baffa Mijinyawa Ya Hana Durƙuso a Bakin Dam

A garinmu, can gefen Yammedi, in an ce bakin dam kowa ya san wurin: gangaren da mata ke wanki, makiyaya ke shayar da shanu, 'yan cin kasuwa kuma ke jiran kwale-kwalen da zai tsallakar da su ɓangaren Rogo. Nan Baffa Mijinyawa, ƙanin mahaifina, yake wuni. Da kiwo ya tashi, iyo ma riƙe da wutsiyar saniya ya koye shi. Daga baya ya ajiye sanda ya zama mai fito.

Wata ranar kasuwa da hantsi, wani magidanci mai suna Kabir ya nutse dab da gaɓa, ga mutane cike da wurin. Ba wanda ya ji ihu, don bai yi ba. Tun daga ranar Baffa ya kasa sakewa. Ya kafa rumfa a kan tudu, ya tara samarin da suka iya ruwa, suna karɓa-karɓa wajen gadi. Kullum yana gaya musu cewa wanda ruwa ke ci ba ya kiran kowa, sai dai a gan shi.

To, yaya ake koya wa mutum gani? Baffa ya ɗauki wayar da ɗansa Lukumanu ya aiko masa daga Kano, ya ɗaure ta a dogon itace bayan rumfar, yadda za ta ɗauki ruwan da kuma mai gadin. Sai ya sa abokinsa Sulle masunci ya saje da masu wanka, can ba zato ya yi kamar ruwa na cin sa: kai ya langaɓe baya, hannu na dukan ruwa, baki shiru. Bayan la'asar a taru a zaurenmu, in kunna hoton a kwamfutar da na dawo da ita daga jami'a. Nawa aikin tsayarwa ne da komawa baya.

"Bahijja, tsaya nan," in ji Baffa. "Kai Bahauddeen, Sulle ya sha ruwa har ya ƙoshi, kai kana ina?"

"Wallahi Baffa ina kallo."

"Kana kallo kam. Mai awara kake kallo."

Zauren ya kwashe da dariya. Baffa ba ya zagi. Sai ya sa a maimaita wurin har mutum ya nuna da yatsansa lokacin da kan Sulle ya fara komawa baya.

A cikinsu ba mai idon Yusha'u. Kafin Sulle ya gama langaɓewa ya riga ya faɗa ruwa. Amma hoton ya tono wani abu da ba wanda ya taɓa ɗauka laifi ne. Da zarar dattijo ya nufo rumfa, mai gadi zai cire takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. A tambayi kwana, a tambayi gajiya, da iyali, da damina, da shanu. Duk tsawon wannan ba ido ko ɗaya a kan ruwa. Baffa ya kafa doka: wanda ke kan gadi ya gaisa da baki kawai, a tsaye, fuskarsa na ruwa.

Dokar ta faɗa kan Yusha'u. Surukinsa Malam Muntaka, mahaifin matarsa Ummu Hani, duk ranar kasuwa ta nan yake tsallakawa. Yusha'u ya gaishe shi a tsaye, bai ko juyo ba. Kafin azahar magana ta kai gida. Malam ya aiko cewa yaron da rumfa ta koya wa juya wa surukinsa ƙeya, ko ya bar rumfar ko ya daina taka masa zaure. Ummu Hani ta wuni kuka. Yusha'u ya zo ya ce wa Baffa a yi masa afuwa, daga gadin kasuwa mai zuwa zai sauka.

Baffa bai roƙe shi ba. Washegari ya ce in ɗauko kwamfuta in biyo shi. Na zauna daga bakin ƙofar zauren Malam, su kuma suka gaisa gaisuwa mai tsawo, rabi Hausa rabi Fulatanci. Sannan Baffa ya ce in kunna wani tsohon hoto, na kafin doka.

Malam ya ga kansa ya nufo rumfa da sandarsa, ya ga Yusha'u ya zube ƙasa. Ya gyara zama.

"Ka gani ko, Mijinyawa? Da yaron kirki ne kafin ka ɓata shi."

"Yanzun ma na kirki ne. Bahijja, koma baya. Malam, wannan karon ka bar kallon kanka, dubi saman kafaɗar yaron."

Na rage gudun hoton. Can a ruwa kan Sulle ya koma baya, ya nutse, ya ɓullo, ya sake nutsewa. A rumfa kuwa baki na ta motsi.

"Sulle ne, wasa yake yi," in ji Baffa. "Ni na sa shi."

Malam bai ɗauke ido ba. "Duk wannan lokacin me nake ce masa?"

"Labarin lafiyar bijiminka mai ɗingishi kake ba shi," in ji Baffa.

Malam ya ce a sake kunnawa. Na sake kunnawa har ya ƙare. Goro ya ɓara ya miƙa wa Baffa, ya ce in gaida mutan gida.

Ranar kasuwa Yusha'u ya hau gadin da ya ce shi ne na ƙarshe. Ina wajen matan da ke wanki na hango Malam ya nufo rumfa. Yusha'u ya fara lanƙwasa gwiwa zai durƙusa. Malam ya ƙwanƙwasa dirkar rumfa da sanda.

"Ina za ka? A ƙasa ka ga ruwan?"

Ya matso ya tsaya kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, su biyun suna fuskantar dam. A haka suka yi gaisuwarsu cikakkiya, ba abin da aka rage. Baffa na cikin kwale-kwale yana jera buhunan gyaɗa, ya ɗaga murya:

"Malam, za ka tsallaka ko kai ma ka kama gadi?"

"Jira ni, mai fito. Ban gama tambayar surukina wa ke kan gadi kasuwa mai zuwa ba."

Yusha'u ya ce, "Ni ne, Baba." Bai juyo ba.