Yadda Na Sha Ruwan Rijiyar Tsamiya

Daga Rara zuwa Wurno

Tun zakara bai gama shawarar ko zai yi cara ba na ɗaura wa jakina akumari. Uwargida ta biyo ni har bakin zaure da hoce, wainar dawa, a ƙunshe, tana maimaita abin da ta kwana uku tana faɗi: "Malam, in ba ka taho min da yaron nan ba, kai ma ka zamna can."

Yaron shi ne ɗanmu Ummaru, da ke karatun elemantare a hannun ƙanena Malam Isa, a wani ƙauye gaba da Goronyo. Labari ya iso mana cewa kurkunu ya kama shi ƙafa biyu. In na dawo da shi gida, karatu ya ƙare ke nan, ga shi bana ake sa ran zai shiga makarantar Midil a Sakkwato.

Da hantsi na shiga Rabah, na bar jakin a gidan wani aminina, na hau motar gyaɗa mai zuwa Wurno. Direba ya dubi cikina ya ce, "Baba, kai da buhunka za ka biya?" Na ce buhun nawa ne, tun daga gida nake ɗauke da shi. Motar nan ta yi tari fiye da tsohon da ya shekara saba'in yana shan taba. Inda duk ta ga yashi sai ta durƙusa, mu sauka mu tura. Rabin hanyar Wurno mu munka ɗauke ta. Na kwana a zauren wani malami, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na yi masa adalci.

Goronyo

Washegari na bi ayarin masu jakuna. Ana kiran azahar munka shiga Goronyo, ran kasuwa, warin albasa ya tarye mu tun daga nesa har na fara hawaye ba wanda ya mutu. Na sha fura, na tambayi hanya, aka ce in miƙe gabas, ba nisa. Mutumin da ya ce min ba nisa, Allah ya sa raƙumi ne ya haife shi. Gorata ta ƙare tun a tsakiyar gonakin gero.

Ƙauyen su Malam Isa

Bayan la'asar na hango rumfar makaranta, harshena ya zama kamar busasshen ƙirgi. Kusa da ita, gindin wata tsamiya, ga sabuwar rijiya ta siminti da guga a rataye, ba kowa a bakinta. Na yi bisimilla na ja. Ruwa garau, sanyi har haƙori. Na kafa kai, ban ɗago ba sai da na ga gindin guga.

Da na ɗago sai na ga yara sun cika bakin rumfa suna kallona, ba mai motsi. Wata tsohuwa ta ajiye tulunta tana salati. Malam Isa ya fito da alli a hannu.

"Yaya, mi ka yi haka?"

"Ruwa na sha. Ko na Gwamna ne?"

Ashe tun rani ma'aikatan En'e, hukumar gargajiya, sunka gina rijiyar, amma in ban da Malam Isa ba wanda ya taɓa kai ruwanta baki, don mutanen gari sun ce tsamiyar nan gidan iskoki ce. Kowace safiya yara kan cika randar makaranta daga tabki, inda shanu ke sha, inda masu kurkunu ke tsoma ƙafa don su ji sanyi. Malam Isa kansa ya sha rijiyar a gabansu, sunka ce shi ɗan boko ne, iskoki ba su kula irinsu.

Na shiga rumfar. Yaran da sunka iya zuwa ba su kai rabi ba, su ma da yawa ƙafa a miƙe, kowa da tsinken da ake naɗe kurkunu a kai. Ummaru na can ƙarshe, allo a cinya, ya rame. Ya gaishe ni, ya dubi ƙasa ya ce, "Baba, in tahiya da ni kaz zo yi, bari in yi jarrabawa tukuna." Na dafa kansa, na fito.

Maigari ya aiko cewa ba zan bar garin ba sai an ga abin da zai same ni. Aka shimfiɗa min tabarma a ƙofar gidansa, dattawa sunka kewaye ni. Na ba su labarin motar da na goya zuwa Wurno, sai sunka dubi juna, ɗaya ya ce, "Hauka ta fara." Malam Isa ya rantse musu haka nake tun ina yaro. Da aka kawo dambu na share akushi biyu. Kwana biyu ana gadina, kullum ina zuwa rijiya ina sha a gaban jama'a.

Rana ta uku maigari ya ce, "In wagga ita ce haukar, to ta ci ce. Ba ta kashe mutum, sai dai rumbu." Ya sa aka ja guga, ya kurɓa, ya miƙa wa liman. Kafin azahar an zubar da ruwan randar makaranta, an wanke ta, an cika daga rijiya. Malam Isa ya ce min ruwan tabki ke kawo kurkunu, wanda ke jiki sai ya gama fita, amfanin sai baɗi za a gani. Na duba ƙafar Ummaru, ɗaya ta fara warkewa. Na bar shi.

Gida

Na biyo hanyar da na zo, na ɗauki jakina a Rabah, na shiga Rara ana sallar magariba. Uwargida ta leƙa bayana, ba ta ga kowa ba. Na zauna na kwashe mata labari duka, wannan karon ban ƙara ko gishiri ba. Ta ce, "Ya rame ƙwarai?" Na ce ya rame, amma yana cin abinci. Ta tashi ta jiƙa dawa, ta ce in ran kasuwar Goronyo ta zagayo ni zan kai masa hoce.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa maigari da dambunsa, da mutanen tsamiya da sunka bar ni yadda sunka same ni.