Laitocin Tsohon Irving Park

Aikina na biyu a garin Greensboro na Amurka shi ne jinyar wani tsohon Bature a unguwar Irving Park. Lokacin muna haya a bayan High Point Road, ni da maigidana da yaranmu. Wata Hajiya 'yar Nijar da muke haɗuwa a shagon naman halal ce ta yi mini hanya a kamfanin da ke tura masu jinya gidajen mutane. Maigidana ke sauke ni da safe kafin ya wuce wurin aikinsa, don bas ba ta shiga can ciki.

Tsohon ya ƙare ƙuruciyarsa a kamfanin taba, ya kai babban matsayi, tabar kuma ta cinye masa huhu. Akwai injin iskar oksijin a kusurwar falo yana gurnani wuni guda, da doguwar roba siririya da ta taso daga injin ta zagayo kunnuwansa ta shiga hancinsa. Baba nake ce masa. Da ya tambayi ma'anar na faɗa masa, sai ya ce ya fi son wannan da sunansa.

Ranar farko 'yarsa ta zagaya da ni gidan tana ja mini kunne: ba ashana, ba kyandir, ba wuta kowace iri a kusa da shi. Muna shiga falo na yi turus. Kabad ne na gilashi, cike da laitocin kunna taba na ƙarfe, an jera su kamar kayan ɗakin amarya.

Na ce, "Waɗannan fa?"

Ta ce, "Kada ki damu. Mansu ya bushe tuntuni, kuma ni da hannuna na cire wa kowace ƙanƙararta. Ko tartsatsi ba sa yi. Ki bar shi ya yi wasa da su, su kaɗai suka rage masa."

Duk na kamfani ɗaya ne, kuma Baba ya san tarihinsu kamar na danginsa. Idan na gama yi masa wanka sai ya ce in miƙo masa wance. Ya ce wani mutum ne a wani ƙaramin gari can arewa ya ga abokinsa yana fama da wata laita 'yar Turai wadda iska ba ta kashe ta, amma sai da hannu biyu ake buɗe ta. Sai ya koma ya ƙera tasa, ya maƙala murfin a jikinta yadda babban yatsa kaɗai zai ɗaga shi. Ya bar mata ɗan bututu mai huji-huji irin na 'yar Turan, wanda ke kare harshen wutar. Baba ya nuna mini na farko-farko masu kusurwa kamar akwati, da na baya da aka lanƙwasa wa gefe don kada su yaga aljihu.

Yakan zare cikin ya nuna mini: ga auduga mai shan mai, ga lagwani irin na fitilar ƙwai, ga 'yar taya mai kaushi da ke karce ƙanƙara ta ba da tartsatsi. Na ce masa ai wannan ƙyastun kakana ne aka sa wa riga. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wadda ya fi so wata baƙa ce mai kaushin jiki, duk ta goge. Ya ce lokacin babban yaƙin duniya an kwashe tagulla zuwa ƙera makamai, sai kamfanin ya koma yin su da baƙin ƙarfe yana shafa musu baƙin fenti don tsatsa, kuma sojoji kaɗai ake sayar wa. Da ita ya je yaƙin yana saurayi, da ita ya dawo. Ya ce har gobe in ta lalace ka aika musu, za su gyara kyauta. Wuni yake yi yana buɗe ta yana rufewa, ƙyas, ƙyas, har na daina jin ƙarar.

Wata safiya ta bazara na zaunar da shi a kujerarsa, na ba shi baƙar, na shiga kicin in dama masa abin kari. Na ji ƙyas kamar kullum. Sai na ji wani fuu, kamar an watsa kananzir a murhu.

Da na leƙo, wuta ce a fuskarsa. Tana fita daga hancinsa, gashin bakinsa na ci, tana kuma bin robar nan da gudu ta nufi injin. Bai yi ihu ba. Idanunsa a buɗe, hannunsa a sama riƙe da laitar.

Ban san sanda na isa wurinsa ba. Na fizge robar daga fuskarsa, ta narke a tafin hannuna, ban ji zafi ba. Na cire mayafina na danne masa fuska da shi, na sa ƙafa na shuri wayar injin ta fita daga bango. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Robar na ci a kan kafet, na tattake ta da takalmi. Ƙararrawar hayaƙi ta cika gidan. Da na kira lambar gaggawa, matar da ta ɗauka ta yi ta cewa in yi Turanci, ashe Hausa nake yi mata.

Na ɗaga mayafin a hankali. Hancinsa da leɓensa sun yi baƙi, fatar ta saɓule, numfashinsa na fita da kyar. Ya dube ni, ya motsa baki. Na sunkuya.

Ya ce, "Kin gani? Bugu ɗaya ta kama."

Na zauna daɓas a ƙasa ina kallonsa, har masu kashe gobara da motar asibiti suka iso.

'Yarsa ta zo an riga an tafi da shi. Tana kuka tana rantsuwa ta cire ƙanƙarar. Wani ma'aikacin kashe gobara ya zare cikin laitar ya juya gindinta, ya ɗaga wani ɗan tsumma mai kauri da ke toshe audugar. Ya ce nan tsofaffin mashaya taba ke ɓoye ƙanƙarar ko-ta-kwana, kuma inda oksijin ya yi yawa ba sai da mai ba, tartsatsi ɗaya ya isa. Akwai wata ma ta rage a ciki, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. 'Yarsa ta riƙe baki. Aka ɗaure mini ƙunar hannuna da bandeji, maigidana ya zo ya ɗauke ni. Mun kusa gida kafin ya ce, "Kin san da wutar ta kai injin nan..." Bai ƙarasa ba.

Na je duba Baba a asibiti bayan ya fara magana. Na ce, "Baba, ka san ƙanƙarar tana wurin?"

Ya ce, "Na sani. Ni na sa ta. Tartsatsin kawai nake son gani."

Bai koma gidansa ba. Aka kai shi gidan kula da tsofaffi wajen Summerfield, ni kuma aka tura ni wurin wata tsohuwa mai ciwon suga. Na daɗe ba na iya kunna murhun gas ɗinmu, sai maigidana ya kunna mini kafin ya fita.

Da sanyi ya shigo 'yarsa ta kira ta ce ya rasu, kuma tana so in zo. Ban taɓa zuwa jana'izar Turawa ba. Na tarar da akwatin a buɗe, mutane na bin layi suna leƙawa. An sa masa kwat da laktaye, an shafe masa fuska da hoda har ba a ganin tabon, kumatunsa jajaye kamar mai lafiya. Na kasa ƙarasawa kusa. Na yi wa 'yar gaisuwa, na fita na tsaya a bakin titi ina jiran maigidana.