Masuncin da Ya Saurari Kogin Wuyansa

Na yi aikin ɗaukar hoton cikin jiki a Maiduguri da Khartum da Jidda kafin na dawo gida Azare, amma ranar da har yau ba ta fita raina ba wata Talata ce cikin damina, ina babban ma'aikacin sashen hoto.

Likita ya aiko mini wani dattijo, Malam Sale, masunci daga Katagum. Kwana uku kafin nan yana jan koma sai hannunsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, jim kaɗan ya warware. Shi a ganinsa mutanen ruwa ne suka taɓa shi don ya jefa koma a gurbinsu, kuma tuni ya ba su haƙuri. Matarsa ce ta tilasta masa zuwa. Ya ce ba zai sha ƙwaya ba, lafiyarsa lau. Mu kuwa mun san irin wannan gargaɗi ne. Na biyu kan zo da shanyewar ɓarin jiki.

Ga wanda bai san aikin ba: kitse kan taru a bangon jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa. Mukan shafa mai a wuya mu ɗora na'urar sikan. In kitsen ya fito fari, ya yi tauri. In ya fito duhu-duhu, laushi gare shi, yana iya fashewa, jini ya daskare a kai, gudan ya tafi ya toshe hanya. Na Malam Sale, a hagu, duhu ne.

Na yi bayani, na nuna masa allo. Ya ce shi dai hadari yake gani. Na iya Larabci da Turanci da Barbarci da Fulatanci, amma ran nan babu wanda ya yi mini rana.

Sai na kunna sautin gudun jini don na auna, na fara da jijiyar dama. Ya yi kasaƙe. Da na koma hagu, ƙarar ta sirance tana feɗuwa. Ya kama hannuna.

"Tsaya, Alhaji. Nan ruwa ya matse. Yashi ya ci hanya."

Na tambaye shi ya aka yi ya sani. Ya ce shekara nawa yana sauraron kogin Jama'are, ruwa ba ya irin wannan kuka sai a maƙura. Sannan ya tambaya, gaɓar dutse ce ko ta laka?

"Laka ce, Malam."

Ya ce gaɓar laka ba ta sallama in za ta zabtare. Ya tashi zaune yana goge wuya. "To ina ƙwayar? Tun ɗazu kana ta Turanci, ashe maganar yashi ce."

Muka yi ta dariya. Likita ya ɗora shi kan maganin hana daskarewar jini da na rage kitse, ya tura shi Kano aka yi masa hoton jijiya na babbar na'ura, aka gyara wurin.

Bayan kaka ya dawo da ƙafarsa, riƙe da tarwaɗa busasshiya da hannun nan na dama. Ya kwanta ba a ce masa ba, ya ce a kunna. Ya saurara ido rufe, ya ce kwale-kwale ma zai wuce.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa, kafin ku shafa wa mutum mai ku tambayi sana'arsa. Hoton da na kasa fassarawa da harshe huɗu, masunci ya karanta shi da kunne.