Kayan barkar da Inna ta aika

Shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta a Babankatami, a ita na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfura a gemuna. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa yarda da abin ba. In na fito da kayana na lakwal, wato makarantar boko, sai ta ce, “A gaida 'yan lakwal. A saya maka alawa?”

Mushenmu, wato malaminmu, Kirista ne, mutumin Madawa. Da Nowel, wato Kirsimeti, ta matso na roƙe shi abin karantawa a gida, ya ara mini wani ɗan littafi mai manyan baƙaƙe, labarin haihuwar Annabi Isa yadda su suke ba da shi. Da hantsi na zauna gindin rumbu ina haɗa baƙi da ƙarfi: baƙi sun zo gari, matar da tsohon ciki, ba masauki, ta haihu wurin dabbobi, aka kwantar da jariri a komi, inda ake zuba musu abinci.

Inna ta aje tsintsiya. A wurinta duk abin da aka karanta a takardar boko labari ne da ya iso yau.

“A komi? Cikin sanyin nan? Wane gari ne marasa kunya?”

Na buɗe baki zan gaya mata tsohon labari ne, sai ta jawo kujera ta ce, “Ci gaba, ashe kana iyawa.” Wata biyar ina jiran wannan magana. Na rufe bakina, na ci gaba.

Da na kai inda manyan baƙi suka kawo zinariya da turare, ta tafa hannu. “Aikin maza! Zinariya za ta sha? Ba itacen wanka, ba kanwa?” Kafin azahar ta ɗaure mini kaya a jaki, har da zakarana, ta ce in kai wa mushe tunda shi ya san mutanen.

Mushe ya dubi zakara, ya dube ni. Na ce, “Kayan barka ne, kada ka tambaye ni.”

Kullum ta tambayi mai jego, in ce da sauƙi. Kwana shida ta fiddo zanenta na fita, wai da ita za a je suna. Dole na ɗauko mushe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, “Inna, jaririn nan Annabi Isa ne.”

Ta yi salati. Sannan ta juyo kaina. “Ka sani?”

“Ban kai ƙarshen littafin ba, Inna.”

“Mushe, zakaran fa?”

“Mun ci ranar Nowel, Inna. An sa miki albarka.”

Ta ce ladan nata ne, tunda ita ta aika. Tsiyar alawar kuma ta dawo, yanzu har gaban baƙi. Abin da ya tafi, duk nawa: zakara ɗaya, itace dami biyu, gero tiya uku, da dunƙulen kanwa.