Baƙar Laka a Ƙarƙashin Babur ɗin Baba

Jiya da hantsi ina wucewa ta gaban rumfar wani bakanike, sai warin baƙin mai da ya zube a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya doki hancina. Na ja na tsaya kamar an kira ni. Warin nan shi ne warin tsakar gidanmu a Tambuwal kowace Asabar ta damina, lokacin ina 'yar shekara goma ko kusa da haka.

Babanmu ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti can wajen Kebbe, kuma da babur yake zuwa. Ramukan hanya sun daɗe da karya ƙafar tsakiya ta babur ɗin, wadda ake ɗora shi a kai ya tsaya cak, saura ta gefe kawai. Baba kuwa bai yarda da bakanike ba ko kaɗan. Ya ce sai su cire maka sabon abu su sa tsoho, kana tsaye kana yi musu sannu. Don haka duk Asabar da kansa yake duba abinsa. Sai a kifa tsohon turmin Kaka, wato mahaifiyarsa, a shimfiɗa buhu a kan gindinsa. Baffa, ƙanin Baba kuma autan Kaka, ya kama bayan babur ya ɗaga, Baba na riƙe da kai yana tura turmin da ƙafa har ya shiga ƙarƙashin inji. In ya zauna daidai, sai tayar baya ta rataye a iska. Aikin mutum biyu ne, mutum ɗaya ba ya iya shi. Kaka kuwa kullum sai ta yi mita daga ɗaki, wai turmin da ya ciyar da su shi aka mayar kujerar ƙarfe.

Baba mutum ne mai zargi, kuma ba na ɓoye muku, a wurinsa na gada. In ya kwanta a tabarma ya leƙa ƙarƙashin babur, bayan ya shafa wa sarƙa mai, sai ya sa tsinke ya ƙwaƙulo ƙasar da ta maƙale a cikin murfin taya. Ya murza ta a yatsa, ya ce wannan jar ƙasar hanyar Kebbe ce, wannan kuma yashin bakin kasuwa. A da wasa na ɗauki abin.

A daminar da nake ba ku labari aka tura shi kwas Sakkwato na mako uku. Da mota ya tafi. Ya kulle babur a zaure, ya kai wa Kaka makulli, don ita kaɗai ce ba ya zargi a duniya. Bai miƙa mata a hannu ba, a bakin tabarmarta ya ajiye ya fita. Shi ne ɗanta na fari, tana jin kunyarsa. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in kuma magana ta kama dole, sai ta faɗa wa wani ko ta faɗa wa bango, shi yana tsaye yana ji.

Ni a ɗakin Kaka nake kwana, ni nake cuɗa mata baya in za ta yi wanka. A haka na ga wani ƙullutu, a gefen nononta na hagu, kamar ƙwallon goriba. Ta kama kunnena ta ce in na faɗa wa wani ba ta yafe ba. Kwana biyu da tafiyar Baba ta ba Baffa makulli. Sau uku ya goya ta zuwa wurin wani mai maganin gargajiya a bakin fadama, can bayan Sanyinna. Inna, mahaifiyata, ta ga fitarsu, amma suruka ba ta tambayar uwar miji ina za ta.

Ana gobe Baba zai dawo, ni da Baffa muka wanke babur ɗin tas da ruwa da sabulu. Muka goge shi har mutum na ganin fuskarsa a tanki. Baffa ya cika shi da mai. Muna ta jin daɗi, wai mun yi dabara.

Baba na shigowa zaure ya tsaya. Bai ma ajiye jakarsa ba. Babur ɗin da ya yi mako uku a kulle, kaji na kwana a kansa, ya same shi yana ƙyalli kamar ranar da aka sayo shi. Ya girgiza tanki ya ji shi cike, alhali rabi ya bari. Ya gaida kowa, ya ci tuwonsa, amma ni na san ya gane an taɓa babur ɗin.

Ranar Asabar ya ce a fito da turmi. Kaka ta ce wa bango yau tana da daka. Turmin da ya shekara biyar bai ga gero ba. Baba ya ɗan dubi ƙofar ɗakinta, ya je da kansa ya mirgino shi. Baffa ya ɗaga babur. Baba ya kwanta, ya zura tsinke a cikin murfin tayar baya, inda ni da Baffa ko a mafarki ba mu tuna ba. Ya ciro baƙar laka mai danƙo, da ɗan guntun ganyen shinkafa a jikinta. Ya daɗe yana murza ta.

"Wagga laka ta fadama ta," in ji shi. "Ni kau rabona da fadama tun bara. Wa yah hau shi?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Baba ya tambaye shi ko kabu-kabu ya yi da shi, ko wajen zance ya je. Daga nan zargin ya koma abin da ya fi muni. Ya ce makulli a hannun tsohuwa yake, ke nan Baffa ya laluba ƙarƙashin matashin uwarsu ya sata. Ya ce zai iya haƙuri da a taɓa masa babur, amma ba zai zauna gida ɗaya da mai yi wa uwarsa sata ba. Kafin la'asar ya tattara kayansa ya koma Fakku wajen shanun kawunsu. Baffa a shekarar yake shirin jarrabawar shiga kwalejin malamai, kuma kowa ya san in ya koma ruga, karatu ya ƙare.

Sai Baba ya juyo kaina. Ya tambaye ni ko na ga wani abu. Na ce ban gani ba. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi masa ido da ido, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya. Ina kallo Baffa ya shiga ɗaki yana cusa littattafansa a buhu, bai buɗe baki ya kare kansa ba.

Baba ya gama shafa mai, ya tashi zai sauke babur. Girman kai ya hana shi kiran Baffa. Ya kama bayan shi kaɗai ya ja, turmi ya karkace, babur ya taho masa gaba ɗaya. Da ƙyar ya tare shi da cinya, ya tsaya a haka, ba dama ya saki, ba dama ya ɗaga. A daidai nan Kaka ta fito bakin ƙofa. Ni ta duba.

"Ke ƙawata, faɗa ma ubanki ni nib ba da makulli. Ni anka kai fadama wajen mai magani. Yaro bai yi sata ba."

Baba na riƙe da babur, idonsa a ƙasa, ya ce da ni, "Tambaye ta, mi ka damun ta?"

Kaka ta kau da kai. Sai na ɗaga hannu na nuna masa wurin a jikina, na dunƙule yatsuna daidai girman abin. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun bazarar bara. Mutumin da matan ƙauye goma suke bin layi ya duba su, sai na ga babur na neman suɓuce masa. Baffa ne ya fito da gudu ya kama bayan babur, suka sauke shi tare, ba wanda ya dubi wani.

Washegari aka kai Kaka Sakkwato. Likitoci suka ce an makara. Ta kai har bayan girbin gero, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ban taɓa jin Baba ya ce wa Baffa ya yi haƙuri ba. Amma da hannunsa ya zazzage buhun nan ya mayar da littattafan mazauninsu, kuma daga ranar makulli a aljihun Baffa yake kwana. Ni dai na daɗe ina jin haushin kowa: haushin Kaka da kunyarta, haushin Baba da ya iya karanta laka amma bai lura uwarsa ta daina ɗaga hannun hagu ba, da haushin kaina da na riƙe amanar da bai kamata in riƙe ba.

Yanzu ba mai kifa turmi, kowane lungu akwai bakanike da abin ɗagawa na ƙarfe. Namu yana nan a bayan rumbu, da zoben baƙin mai a gindinsa. Baba ya tsufa, ya yi ritaya. Ni ce 'yarsa ta fari, shi ma ba ya kiran sunana. Watan jiya na je gida, na ga ya rame, na tambaye shi jiki, ya dubi bango ya ce lafiya lau. Da na fito zaure sai na ga babur ɗin autanmu a jingine, an wanke shi tas, ga shi kuwa ba a san yaron da wanke ko takalminsa ba. Na ajiye jakata, na durƙusa da kayan jikina, na tsinci tsinke a ƙasa na zura a cikin murfin taya.