Fure da Turakun Gandun Daji

Fure ba ta taɓa shiga jam'iyya ba, ko a zamanin da kowane gida ke kafa tuta. Bakambara ce daga wani ƙauye a hanyar Zugurma, sana'arta man kaɗe, kamar uwarta. Da farkon damina takan shiga daji ta tsinto kaɗanya, ta dafa, ta shanya, ta daka, ta kai man kasuwar Kontagora. Da wannan ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta Andarawus.

Shekara guda bayan yaƙin basasa, ma'aikata suka zo da mota suka kafa turakun siminti a bayan gari. Mai unguwa ya tara jama'a ya ce daga turakun nan zuwa gaba ya zama gandun gwamnati: ba farauta, ba sara, ba tsinta. Maza suka yi ta kumfar baki, aka ce za a tura wakilai Sakkwato, babban birnin jiha a lokacin. Har ruwa ya sauka ba wanda ya tafi.

Da kaɗanya ta fara zuba, Fure ta ɗauki kwandonta da hantsi ta wuce turakun, ba ta gaya wa kowa ba. Tana cikin tsinta wani mai gadin dajin, Haliru, ya tsaya a kanta da kekensa.

"Inna, ba ki ji sanarwa ba ne?"

"Na ji, ɗana."

"To zubar."

Ta zubar, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Ya tsaya, ya tsaya, rana ta dame shi, ya hau keke. Ta kwashe abinta.

Maƙwabciyarta Naomi ta ga ta dawo da kwando cike. Ba ta tambaye ta komai ba, washegari ita ma ta shiga dajin ta wata hanyar. Kafin wata ya ƙare matan ƙauyuka biyar na shiga, kowace da hanyarta da lokacinta. A tare wannan, waccan ta wuce.

Sau uku ana kai Fure gaban alƙali a Kontagora. A na ukun ya ce, "Ke ce shugabarsu?"

"Allah ya gafarta malam, rabinsu ko sunansu ban sani ba."

Ya ba ta kwana bakwai a gidan yari. Da ta dawo ta tarar ruwa ya ruɓar da duk abin da ta shanya. Ta zauna a ƙofar ɗaki, ko kuka ta kasa. Bayan kwana biyu ta sake ɗaukar kwando.

Haka aka yi damina biyar. Ba a soke doka ba, matan kuma ba su daina ba. Haliru da kansa ya gaji, ya koma kaɗa ƙararrawar keke tun daga nesa don su samu su ɓuya. Fure ba ta ɓuya, gwiwoyinta ba sa barinta. Sai ya wuce yana kallon sama.

Ranar da aka yi shelar kafa Jihar Neja tana kasuwa, gari ya cika da kiɗa. Ta tambayi wani direba ko sabuwar jihar za ta tuge turakun. Ya ce bai ji an ambata ba. Ta ɗaure kayanta ta nemi motar gida.

Daminar da ta biyo baya ƙafa ta hana ta shiga daji. Naomi ce ke rage mata daga nata kwandon, ita kuma ta daka a zaune, tana hutawa tsakanin turmi da turmi.