Tayoyin da Na Auna da Nauyina Ni Kaɗai

A lokacin da abin nan ya faru ban cika shekara arba'in da biyar ba. Ma'aikacin gwamnati ne ni a Wudil, mai digiri biyu, kuma ni ake kira idan za a yi sulhu a dangi, domin an ce ba ni da garaje. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin hankalina, shi ne mota. Tun ina ɗalibi nake sha'awar motocin tsere masu ƙofa biyu, irin gajerun nan da suke kamar za su lashi kwalta, kuma da Allah Ya hore mini sai na sayi wata ja, 'yar Kwatano. Yau ina da shekara hamsin, amma har yanzu idan na ji ƙaurin roba sai gabana ya faɗi.

Motar ta zo da wili, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, mai inci goma sha bakwai, girman da masu ƙera ta suka rubuta a jikin ƙofa. Ni kuwa idona ya tsaya a kan wani mai inci goma sha tara da na gani a Kano, mai faɗi, mai ƙyalli, wanda ake sa wa siririyar taya. Ba zan ce jahilci ne ya kai ni ba. Na zauna na yi lissafi, na tabbatar tsayin sabuwar tayar gaba ɗaya bai zarce na tsohuwar da wani abin kirki ba. Da aka ɗaura, na tsuguna na zura yatsu biyu tsakanin tayar baya da bakin ƙarfen da ke samanta, suka shige. Na shiga na zagaya, ban ji komai ba. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne, sabuwar tayar ta leƙo waje har ƙarƙashin kaifin ƙarfen nan, kuma duk gwajin da na yi, ni kaɗai ne a cikin motar. Sau ɗaya na ɗauko matata da buhun shinkafa, na ji wani gurzo daga baya da muka faɗa rami. Ta tambaye ni mene ne, na ce tsakuwa ce, na ƙara murya a rediyo.

Yayana, wanda ya bar karatu ya riƙe gonar mahaifinmu domin ni in ci gaba, yana zaune a ƙauyenmu na wajen Indabo. Ranar da ya fara ganin tayoyin ya zagaya motar yana dariya, ya ce ashe yanzu har mota ake saya wa silifa, ya kuma tambaye ni ko kwaɗon nan nawa zai iya kai buhun gero ɗaya kasuwa ba tare da ya yi nishi ba. Na ce masa ba don gero aka ƙera ta ba. Ya ce to Allah Ya sa don mutane aka ƙera ta.

Da kaka aka yi masa haihuwa, suna ya faɗo ranar Juma'a. Bayan an shafa fatiha da safe, ya zagaya bayan gida ya ɗebo wa dabbobi harawa. Ihunsa muka ji. Kububuwa ce kwance a ƙarƙashin harawar, ta sare shi a ƙafar dama. Matasan da ke da babura duk sun yi sammakon kasuwar Wudil, motata ce kaɗai a ƙofar gida. Na kwantar da kujerar gaba, aka tura shi baya. A wurinmu ba a kai marar lafiya asibiti shi kaɗai, kuma ba a tafiya hannu rabbana. Ɗan baffanmu, ƙato ne, ya matsa ya shiga ya rungume shi. Baffa ya zauna a gaba. Mata suka cika but ɗin motar da tabarmi, da buta, da tukunyar tuwon suna, da macijin da aka kashe a cikin buhu domin likita ya gani. Na ga bayan motar ya zauna. Na gani da idona, amma wa zan ce wa ya sauka?

Tun a kan burji gurzon ya fara, kowane rami sai na ji shi har cikin haƙorana. Baffa ya tambaya ko haka kukanta yake, na ce haka yake. Da muka hau kwalta na taka mai, sai ƙaurin roba ya cika motar. Na san abin da ke faruwa: ƙarfe yana yankar gefen tayar a hankali, kamar mahauci yana fiɗa. Idan na rage gudu dafi yana tafiya, idan na ƙara tayar tana ƙarewa. Na duba madubi na ga jini a leɓen Yaya, yana fitowa daga dasashinsa, ɗan baffanmu yana goge masa da hula yana maimaita masa kalmar shahada. A cikin wannan hali Yaya ya buɗe ido ya ce in yi a hankali, kada in lalata motata saboda shi. Tafin hannuna ya jiƙe har sitiyari yana zame mini.

Sai tayar baya ta fashe, ƙarar da ta yi kamar ta bindiga. Bayan motar ya kwashe zuwa hannun da wata babbar motar shanu ke tahowa, na ga ƙahonin shanun a samanmu, na ji Baffa yana salati da muryar da ban san yana da ita ba. Yadda muka koma gefen hanya muka tsaya a bakin wata gonar dawa, Allah kaɗai Ya sani, ba gwanintata ba ce. Na fito, na watsar da tabarmi da tukunya a ƙasa, na zaro safayar taya. A nan na gamu da kuskurena na biyu. Ramukan notin sabon wilin matsattsu ne, sifanar da ta zo da motar ba ta shiga. An ba ni wata siririya ranar da aka ɗaura su, kuma tana Wudil, a saman firij. Na durƙusa ina cusa ƙarfen da na san ba zai shiga ba, ina cusawa, ina jin numfashin yayana ta taga. Baffa ya tsaya a kaina yana cewa in yi sauri mana, ai ni ne na yi boko. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsugunon ba, domin na fahimci idan ya cika a nan, ba maciji kaɗai ya kashe shi ba.

Wata akori-kura mai kai awaki kasuwa ce ta tsaya. Aka matsar da awakin, aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da shi a tsakaninsu. Na bar motar a buɗe a bakin hanya, na hau na riƙe kansa a cinyata har asibiti. An yi masa allura, an ƙara masa jini, ya rayu. Amma ƙafar ta ruɓe daga wurin saran, sai da aka yanke masa yatsu biyu, kuma har yau da sanda yake zuwa gona. Na tambayi likita a keɓe ko da mun iso da wuri da ba a yanke ba. Ya ce ba zai iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba. Da wannan amsar nake kwana nake tashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne godiyar Yaya. A kowane taron dangi sai ya ba da labarin yadda ƙaninsa ya fasa tayar motarsa mai tsada domin ya cece shi, mutane su yi ta sa mini albarka. Na taɓa buɗe baki zan gaya masa gaskiya, ya katse ni, ya ce silifar ce dai ta tsinke, kuma kowace silifa tana tsinkewa. Ban sani ba ko bai gane ba ne, ko ya gane tun ranar ya yafe.

Na mayar da wilin asali kafin na sayar da motar. Ga duk mai niyyar canza girman wili ko taya, ina roƙonsa ya fara karanta abin da aka rubuta a jikin ƙofarsa. Idan ya nace sai ya canza, ya duba faɗi kamar yadda yake duba tsayi, ya gwada sifanarsa a kan sabon noti tun a gaban mai sayarwa, kuma kada ya ƙara murya a rediyo idan ya ji gurzo. Sama da komai, ya cika motar da mutane da kaya kafin ya ce ta yi. A ƙasarmu ba wanda ya mallaki mota shi kaɗai. Akwai ranar da za ta zama ita kaɗai ce a ƙofar gida, kuma a ranar ba nauyinka za ta ɗauka ba, nauyin wanda ba za ka iya cewa ya sauka ba ne.